Darasi: Yadda Ake Cire Kakin Kyandir Daga Daɓen Siminti

Duk wanda ya zaga majami'un Kujama da na garuruwan da ke kan hanyar Kachia a makon da ya biyo bayan Ista, zai tarar da abu guda a bakin ƙofa da kan matakala: ɗigo-ɗigon kyandir, wani ya daskare ya yi tudu, wani an tattaka shi ya baje ya kwashi ƙura. A cocin Katolika, daren Asabar ɗin jajibirin Ista ana hura wuta a waje, a kunna babban kyandir, daga jikinsa kowa ya kunna nasa, sannan a shiga cikin coci a jere. Kyandir a hannun yaro da tsohuwa, ga tafiya ga iska, dole ya ɗiga. A gidaje ma labarin ɗaya ne, na Kirista da na Musulmi. An ɗauke wuta, ɗalibi yana da jarrabawa gobe, sai ya karkata kyandir ya ɗiga a ƙasa, ya dasa shi a kan ɗigon ya tsaya da kansa. Da gari ya waye kyandir ya ƙare, tabonsa yana nan.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a tabon kyandir har a yi masa darasi. Akwai dalili biyu. Kaki a kan siminti mai santsi yana kayar da mutum, musamman a matakala idan ruwan sama ya taɓa shi, kuma tsofaffi ne suka fi shan wannan faɗuwa. Na biyu, fenti ba ya kama inda kaki ya shiga, haka ma simintin da ake manna tayil da shi. Mai gida zai kashe kuɗi ya shafa fenti, bayan ɗan lokaci ya ga yana ɓarewa a wurare, ya ɗora laifin a kan mai fenti, alhali tsohon kaki ne a ƙasa.

Me ya sa ruwa da omo ba sa fitar da shi

Ranar Asabar idan Zumuntar Mata sun zo sharar coci, abin da aka saba yi shi ne a ɗebo ruwa a bokiti, a zuba omo, a sa burushi a dirza. A ƙarshe a ce, "Ya ƙi fita." Ba rashin ƙarfin hannu ba ne. Kafin a taɓa tabon sai an san abu biyu da suka haɗu a wurin, wato kakin da kuma simintin.

Yawancin kyandir da ake sayarwa a shaguna da kakin farafin ake yin sa, shi kuwa daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Wani masanin Jamus, Karl von Reichenbach, shi ya fara ware shi a 1830. Ba sai mun yi nisa ba ma: matatar mai ta Kaduna da ke kan wannan hanya ta Kachia, cikin ƙaramar hukumar Chikun, wadda aka buɗe a 1980, an gina mata sashen fitar da man injin da kwalta da kuma kaki. Ke nan kakin kyandir ɗan'uwan kananzir da fetur ne, uwarsu ɗaya. Ruwa ba ya narkar da shi ko kaɗan. Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita tana cin kitse da manja da man gyaɗa, amma ba ta yi wa farafin komai. Abin da ke narkar da shi biyu ne: zafi, da kuma danginsa na mai. Yana narkewa tsakanin digiri 46 zuwa 68 a ma'aunin Selsiyos, gwargwadon irinsa. Kakin zuma, wanda masu sana'ar zuma ke tacewa a gida, yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, kuma duk abin da za mu faɗa a nan ya shafe shi.

Shi kuma siminti, ido yana ganin sa kamar dutse, amma cike yake da ƙananan kafofi. Idan birkila ya kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, wani kaso na ruwan ne kawai simintin ke sha ya yi ƙarfi. Ragowar yana bushewa ya fita, ya bar hanyoyin da ya bi a buɗe. Ku tuna da randar ƙasa, yadda take riƙe ruwa amma jikinta yana tsattsafo. Daɓen siminti ma haka yake shan abin da ya zauna a kansa. Kwaɓin da aka cika wa ruwa don ya yi sauƙin shafawa, ko aka ƙwari simintinsa aka cika yashi, shi ya fi yawan kafofi. Wanda aka goge da cokalin gini har ya yi sheƙi, kafofinsa na sama sun ɗan toshe, shi ya sa tabo ba ya nisa a cikinsa.

To narkakken kaki idan ya ɗiga, kashi biyu yake rabuwa. Mafi yawansa yana daskarewa a sama. Kaɗan daga ciki, kafin ya huce, yana bin kafofin nan ya shige, ya daskare a can. Na sama shi ne tudun da ake gani. Na ciki shi ne duhun da ke saura bayan an ɓamɓare tudun, kamar wurin ya jiƙe alhali a bushe yake. Kowanne da hanyar cire shi, kuma idan aka sa na baya a gaba, aikin ya lalace.

A nan ne tafasasshen ruwa ke yaudarar mutane. An zuba, kaki ya narke ya ɓace, an yi murna. Can da wurin ya bushe sai a ga tabon da bai wuce faɗin kwabo ba ya zama faɗin faranti. Ruwan zafin ya narkar da shi, ya ɗauke shi ya baza, ya tura shi cikin sababbin kafofi, tunda babu abin da zai tsotse shi ya fitar. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Sanyi tukuna

Aikin farko shi ne raba na saman da daɓen ba tare da ya narke ba. Idan yanzu ya ɗiga, a bar shi ya daskare sarai. Kada a goge da tsumma yana da ɗumi, shafa shi kawai za a yi.

Kaki mai sanyi yana da gautsi, yana tsagewa ya tashi a dunƙule. Mai ɗumi kuwa yana da danƙo, yana bin wuƙa. Saboda haka lokacin aiki yana da muhimmanci. Kakin Kirsimeti ya fi sauƙin sha'ani, domin a cikin hunturu ake samun sa, kuma da sassafe daɓe yana da sanyi ƙalau. Na Ista shi ne mai taurin kai. Ista tana faɗuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato tsakiyar bazara a ƙasar Kaduna, lokacin da simintin da ke fili yake ɗaukar zafin da ba a iya taka shi ba takalmi. Wannan zafi ya isa ya sassauta kakin ya ƙara nutsa kowace rana. Wanda ya ce bari sai mako mai zuwa, ya ninka wa kansa aiki. A yi shi da asuba, washegarin da abin ya faru in da hali.

In babu sanyin gari, a sayi ƙanƙara. Ledar ruwan sha da ta daskare a firiza ta wadatar. A ɗora ta a kan kakin kamar minti biyar, a ɗauke, a share danshin, sannan a kankare. Ƙarfen da masu fenti ke kankare bango da shi ya fi dacewa, ko tsohuwar wuƙa marar kaifi, ko tsohon katin roba idan daɓen mai fenti ne. A kwantar da bakin ƙarfen sosai, a tura shi ƙarƙashin gefen tudun. Idan sanyi ya kama shi da kyau za a ji ɗan ƙaras, ya tashi gaba ɗaya, ƙasansa ɗauke da zanen yashin daɓen. Kada a sara daga sama, simintin za a ɓantare. Daɓe mai kaushi, irin na tsakar gida, sai a bi shi da busasshen burushi mai tauri don a fitar da wanda ya maƙale a ramuka. A share ɓarɓashin nan take, kafin a taka shi.

Zafi, amma da abin tsotsa

Yanzu saura na ciki. Dabarar ita ce a narkar da shi a inda yake, a kuma ba shi wurin da ya fi masa sauƙin shiga fiye da simintin. Takarda ce wannan wurin.

A samo takarda mai shan mai: ruwan ƙasar takardar nan ta ƙunshe kaya, ko bayan kwali marar sheƙi, ko farin tsumman auduga. Buhun siminti na takarda yana yi, idan an kakkaɓe shi. Amma yawancin buhunan yanzu na roba ne, su kuwa narkewa za su yi su manne, a samu tabo biyu. Jarida ma a guje ta, domin tawadarta tana sauka da zafi.

A shimfiɗa takardar ninki biyu a kan tabon, a ɗora dutsen guga. Na lantarki a sa shi a ɗigo ɗaya ko biyu, wato wajen digiri 110 zuwa 150, a kashe tururi. Na gawayi ma yana yi, kuma shi ne ba ruwansa da ɗauke wuta, sai dai a bari ya ɗan huce yadda zai goge yadi mai laushi ba tare da ya ƙona shi ba. Siminti yana shanye zafi, don haka ba a yawo da dutsen kamar ana gugar riga. A aje shi wuri ɗaya, a ƙirga zuwa goma sha biyar ko ashirin, a ɗaga. Za a ga takardar ta yi duhu ta yi shara-shara a daidai tabon, kamar wadda aka ƙunshe ƙosai a ciki. Wannan kakin ne ya hau.

Nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Takardar da ta ƙoshi ba ta ƙara ɗauka, mayarwa take yi. Kowane ɗagawa a matsar da ita zuwa wuri mai tsabta, ko a canja sabuwa. A fara daga gefen tabon a nufi tsakiya, don kada ya faɗaɗa. A ci gaba har sai takarda ta fito fes. Ƙaramin ɗigo yana iya ƙarewa a 'yan ɗagawa. Gindin da aka shekara ana dasa kyandir a kansa zai ci takarda da yawa, kuma zai ci haƙuri. Idan aka ga hayaƙi yana tashi, dutsen ya yi zafi fiye da kima, a ɗauke shi. Takardun da suka sha kaki kada a zubar, suna kama gawayi da sauri idan za a hura wuta.

A ra'ayina, mafi yawan tabon cikin gida a nan ya kamata a tsaya da shi. A bi da ruwan ɗumi da omo da burushi, a ɗauraye, shi ke nan. Ɗan duhun da ya rage, tafiya da shara za su cinye shi a hankali. Mataki na gaba na wanda zai shafa fenti ne ko zai manna tayil, ko wanda tabonsa ke wurin da ido ke sauka kullum.

Kwaɓin da ke jawo ragowar

Abin da guga bai kai gare shi ba, sai ɗan'uwan kakin, wato mai, ya shiga ya narkar da shi. Amma in aka tsiyaya kananzir kai tsaye, zai narkar da kakin ya ƙara nutsa da shi, kamar yadda ruwan zafi ya yi. Don haka ake kwaɓa shi da gari mai tsotsa. Man ya sauka ya narkar da kakin, sannan yayin da kwaɓin ke bushewa daga sama, sai ya jawo narkakken ya dawo cikin garin.

Garin na iya zama farar toka ta itace wadda aka tankaɗe, ko dakakken alli, ko farar ƙasa. A kula da tokar kada gawayi ya biyo ta, zai bar baƙi. Man kuwa, tafentain ɗin da masu kayan fenti ke sayarwa ya fi kananzir, domin ya fi saurin bushewa kuma ba ya barin maiƙo sosai. In babu, kananzir zai yi, amma shi ma sai an wanke sawunsa daga baya. A kwaɓa ya yi kauri yadda ba zai zuba daga cokali ba. A shafa shi kauri kamar rabin santimita ko fiye, ya wuce gefen tabon da faɗin yatsa biyu ta kowane ɓangare. A rufe da leda, a danne gefunan da duwatsu, a bar shi ya yi awanni. Sannan a cire ledar a bar shi ya bushe ƙarau. Wannan bushewar ita ce aikin, wanda ya kwashe shi da danshi ya yi asarar kananzirinsa. Idan ya bushe a kankare, a share, a wanke da ruwan ɗumi da omo. Tsohon tabo yana iya buƙatar a maimaita.

Yanzu ku saurara da kyau, domin wannan sashe ya fi duk sauran darasin nauyi. Daga lokacin da mai ya taɓa daɓen, an gama da dutsen guga. Ba a komawa zafi bayan mai, ko da an ga kamar ya bushe. A fitar da dutsen gawayi daga ɗakin, a kashe fitilar ƙwai da risho da maganin sauro na kunnawa, a buɗe tagogi da ƙofa. Fetur kuwa kada a kusance shi ko kaɗan. Na san shi ne ya fi kusa da hannu a gidan da ke da janareta ko babur, kuma yana narkar da kaki da sauri. Amma tururinsa yana kama wuta ko a cikin tsananin sanyi, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tafi har inda murhu yake ba tare da an gan shi ba. Kananzir mai kyau sai ya kai wajen digiri 38 ko fiye kafin tururinsa ya kama, shi ya sa ya fi dama, kodayake wanda aka gauraya da fetur haɗarinsa ɗaya da fetur, don haka a saya a wurin da aka amince da shi. A sa leda ko safar roba a hannu. Busasshen kwaɓin da aka kwashe a ƙulle shi a leda, a kai shi nesa da rijiya da yara da awaki.

Akwai kuma asid, wanda masu aikin tayil ke wanke ragowar siminti da shi. Wasu suna ganin tunda yana da ƙarfi zai cinye komai. Bai san kaki ba. Simintin da ke kewaye da tabon zai ci, ya bar shi da kaushi da fari, kakin kuma yana zaune a tsakiya lafiya lau. Ruwan batir ma haka.

Idan kyandir mai launi ne

Ja da kore da shuɗin kyandir suna barin rini bayan kakin ya fita. Sai kakin ya fita sarai ake taɓa rinin, domin maganin launi da ruwa yake tafiya, kaki kuma ba ya barin ruwa ya wuce. A tsarma bilic irin su Hypo ko Jik da ruwa kamar yadda aka rubuta a jikin robar, a jiƙa farin tsumma a ɗora na ɗan lokaci, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Ba a haɗa bilic da asid ko maganin wanke masai, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu. A fili, rana da kanta tana kashe yawancin irin wannan launi. Zanen kirayon da yara ke yi a daɓen aji da tabon man goge takalmi duk a wannan layi suke, tunda su ma kaki ne da launi.

Ba kowane daɓe ba ne tsurar siminti. Tsofaffin majami'u da makarantu da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa irin na Kafanchan, sau da yawa jan daɓe ne gare su, wanda ake goge shi da folish. Folish ɗin nan shi kansa kaki ne, don haka kananzir zai ɗauke shi ya bar wurin da haske daban, sai an sake shafawa. Bilic kuma a nisanta shi da jan daɓe sai an gwada a lungu. Daɓe mai fenti, zafi mai yawa yana tayar da fentin, tafentain yana sassauta shi, saboda haka a tsaya a ƙanƙara da katin roba da ɗan ɗumi kaɗan. Sabon daɓe da bai cika kwana 28 ba bai gama ƙarfi ba, a kankare shi da taushin hannu, sauran aikin ya jira.

Wanda zai shafa fenti yana da hanyar gane ko ya gama. Bayan wurin ya bushe, ya yayyafa ruwa a kan inda tabon yake da kuma gefensa. Idan ruwan ya shige ya yi duhu daidai da na gefen, kaki ya fita. Idan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya yana sheƙi, da saura, a koma kan kwaɓi.

Kafin bikin gaba kuwa, kwamitin coci zai iya sa matasa su yanka kwali zagaye-zagaye, a huda tsakiya a zura wa kowane kyandir, ɗigon ya sauka a kan kwalin. A gida, gwangwanin madara da aka cika da yashi yana riƙe kyandir tsaye, yana tare ɗigonsa, kuma idan barci ya kwashe mai karatu, wutar a kan yashi za ta mutu.

Aikin gida

Ku nemi ɓallen bulo ko guntun tsohon daɓe. Ku ɗiga kyandir a wurare uku nesa da juna, ku bar shi ya kwana. Na farko ku zuba masa ruwan zafi kawai. Na biyu ku kankare shi bayan ƙanƙara ku tsaya a nan. Na uku ku kankare, ku bi shi da takarda da dutsen guga. Idan duk sun bushe, ku yayyafa ruwa a kan ukun, ku rubuta a littafinku abin da ruwan ya yi a kowane wuri da faɗin kowane tabo. Ku zo da bulon da takardun da kuka yi amfani da su aji mai zuwa.